Rasuwar Hajiya Lami, Laftof ɗin Zulkifli

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, tare da sallamawa ga abin da Allah ya ƙaddara, iyalan Malam Mika'ilu na Gwaram suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Zandam, Fagam, Kiyako da Birnin Kudu rasuwar Hajiya Lami, laftof ɗin ɗansu Zulkifli, ɗalibin shekarar ƙarshe a jami'a. Ta rasu ranar Juma'ar nan da ta wuce, mutane suna masallaci, a kan katifar mahaifiyarsa Inna Barira, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ta tafi da furojet ɗinsa na kammala digiri a cikinta. Yau Lahadi, saura kwana goma sha ɗaya ya tsaya gaban malamai ya kare shi.

Ba a san shekarun marigayiya ba. An dai saye ta a Kano wata ranar Alhamis, shi ya sa aka sa mata Lami. Hajiya kuwa don ta ƙetaro ruwa kafin ta zo mana, kuma ba ta tashi da gaggawa. Mai shagon ya rantse wata tsohuwar Baturiya ce kaɗai ta taɓa amfani da ita, ita ma sai jefi-jefi. Yadda haruffan kibod ɗin suka goge ya nuna tsohuwar akwai ƙwazo.

Shekara huɗu ta yi tana wa Zulkifli hidima a wani kwas mai dogon suna na Turanci, wanda har yau Baba bai gama ganewa ba. Duk hutu sai ya tambaya.

“Wai me ka ce kake karantawa?”

“Zayyana ce ta zamani, Baba. Yadda ake tsara abin da mutum zai taɓa a waya ko kwamfuta ya amsa masa.”

“Wato zane.”

“Ba zane ba ne, Baba.”

“To, Allah ya sa albarka a zanen.”

A hannun marigayiya Zulkifli ya zama abin da ya zama. Hutunsa na farko ya dawo da gilashi marar magani, yana kiran launuka da lambobi. Ya tsaya gaban allon mai shayin bakin tasha ya ce haruffan sun matse juna, suna sa shi ciwon kai. Ya duba katin bikin da ƙanwarsa Sa'adiyya take haɗa wa mutane a wayarta, abin da ta koya da kanta ba malami, ya ce wannan ba dizain ba ne, kwalliya ce. Akwai kuma wata magana da ya ɗauko a aji biyu, wadda duk gidan suka haddace don yawan maimaici: wai mai amfani da na'ura ba ya kuskure, in ka ga ya yi kuskure to laifin wanda ya tsara ne, bai yi bayani ba. Ya faɗe ta a kan murfin kwalba, ya faɗe ta a kan ƙofar banɗaki. Ya faɗe ta ranar da Baba ya saka batirin rediyo a juye.

Amma sanarwar rasuwa wurin faɗar gaskiya ne, kuma gaskiya yaron ya yi aiki. Wata bakwai yana hawa acaɓa ƙauye-ƙauye da marigayiya a bayansa, yana ɗaukar muryoyin tsofaffin manoma. Abin da ya haɗa manhaja ce ta manomin da bai iya karatu ba. Ka ga ganyen riɗinka ya nannaɗe, ka danna hoton ganyen da ya yi kama da naka, sai ka ji muryar dattijon garinku yana gaya maka abin yi, da irin Hausarku. Da aka gwada wa Baba Sada na Fagam, ya danna, ya saurari muryar kansa har ƙarshe, ya gyaɗa kai ya ce, “Wannan mutumin ya san noma.” Baba Sada ya rasu a daminar bana, shi da wani daga cikin masu muryoyin. Ba za a sake ɗaukar su ba.

Marigayiya mace ce mai haƙuri. An ɗora mata manhajojin da suka fi ƙarfinta, ba ta taɓa cewa a'a ba, sai dai ta tsaya cak, ɗan zoben nan yana ta juyawa a fuskarta, har mutum ya je ya yi alwala ya dawo. Muna tuna gaisuwarta ta safe, tin-din, wadda takan zo minti shida bayan an tashe ta. Muna tuna numfashinta in aiki ya yi nauyi, fuuuuu, kamar injin markaɗe a unguwar gaba. A shekararta ta ƙarshe ta ƙara da wani ƙir-ƙir-ƙir daga haƙarƙarin hagu, Zulkifli ya ce ba komai, ya san halinta. Zafi dai ba ta so. Don haka kullum a kan gwangwanayen madara guda huɗu yake ɗora ta, iska ta ratsa ta ƙasa. Kowa a ɗakin kwanansu na jami'a ya san dalili. A gida bai gaya wa kowa ba.

Ranar Juma'ar, ya zo gida ne don muryoyi biyu da suka rage a Zandam, ya kuma samo su. Da hantsi ya jona ta a sola, ya ɗora ta a kan gwangwanayenta a tsakar ɗaki, ya sa ta aikin ƙarshe, wato haɗe hotuna da muryoyi da bidiyo su zama abu guda. Aikin awa biyar ne, ba a taɓawa, ba a rufewa. Ya sa farar shadda, ya fesa turare, ya tafi masallaci da wuri don ya biya wajen abokai.

Inna ta shigo shara. Ta ga abin da kakar riɗi guda ta tafi a kansa zaune a ƙasa, kan gwangwanaye, kamar tukunyar tallan wake. A gidan nan ba a yi wa abu mai daraja haka. Keken ɗinki yana da rigarsa, rediyon Baba yana da tasa, talabijin ɗin da ta daina aiki tun tuni har yau da lulluɓinta na leshi. Ta matsa kusa, ta ji nishi. Ta ɗora bayan hannu kamar yadda take wa goshin jikokinta, ta ji zafi rau. Inna ta yi renon 'ya'ya bakwai, ta san zazzaɓi in ta gan shi, ta kuma san maganinsa: a kwantar, a lulluɓe, a bari gumi ya karyo. Ta ɗauke ta a hankali, ba ta ko cire wayar caja ba, ta kwantar da ita a tsakiyar katifarta. Ta buɗe akwati ta ɗauko gwadon saƙi na mahaifiyarta, mai kaurin nan da ba a fito da shi sai baƙo na musamman, ta ninka biyu, ta lulluɓe ta, ta cusa gefe da gefe kada iska ta shiga. Ta ja ƙofa, ta hana yara hayaniya.

Da Zulkifli ya dawo ya tarar da gwangwanaye huɗu an jera su a bakin taga, an wanke. Ya bi wayar caja da ido har kan gado. Ya ɗaga gwado. Wari ya taso irin na robar da ta faɗa murhu. Ya danna, ya sake dannawa, ya riƙe maɓallin har yatsansa ya yi fari. Inna tana bakin ƙofa da murmushinta.

“Ta samu barci ko? Tun da na lulluɓe ta, ba a jima ba ta daina nishin. Kai ma dai, Zulkifli, abu yana ciwo ka bar shi a ƙasa?”

Waɗanda suke wurin sun shaida ya buɗe baki. Sun shaida ya rufe. Mutumin da ya yi hira da manoma arba'in don ya fahimci yadda suke riƙe waya, ya rubuta babi guda a kai, bai taɓa zama minti biyu ya gaya wa mahaifiyarsa amfanin gwangwani ba. Shi ya fi kowa sanin laifin wa ne, tunda da bakinsa ya koya mana. Abin da ya ce kawai shi ne, “Eh, Inna. Ta samu.”

Asabar da safe aka garzaya da ita Birnin Kudu wajen Maikano mai gyara. Ya kwance bayanta, ya sansana, ya zaro zaren saƙi daga cikin fanka da ɗan hantsaki, ya ɗaga shi sama.

“Wa ya dafa ta?”

Ya ajiye zaren, ya juyo ga Zulkifli.

“To, injiniya, ciwon dai tsoho ne, amma jiya aka ƙarasa ta. Allon ciki ya ƙone. Kuma irin wannan, ma'ajiyarta a manne take da allon, ba a zarewa. Akwai wani a Kano mai aiki da madubin ƙara girma, shi yake ɓamɓaro su. Wani sa'in ya fito da komai, wani sa'in ya fito da toka. Kana da kwafi dai ko?”

A nan ne aka tuna da filashin ajiye kwafi da Zulkifli ya yi shekara huɗu yana rataye da shi a wuya tare da katin makaranta, har wurin ɗaurin aure. Aka soka a kwamfutar Maikano. An samu hotunansa goma sha huɗu ya harɗe hannuwa yana kallon gefe, da shafin farko na furojet mai ɗauke da sunansa cikin haruffan da ba su matse juna ba, da shafin godiya. Layin farko na godiyar sunan Inna ne. Ba a samu komai ba bayan wannan.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif uku, da maus wanda dama ba ya jin magana, da jaka, da gwangwanaye huɗu. Ta bar Zulkifli, wanda tun ranar Juma'a bai sa gilashi ba, abinci kuma sai an tsaya a kansa. Malamin da ke duba aikinsa ya aiko da ta'aziyya ta waya, layi biyu: ya jajanta, sannan ranar Alhamis ta sama tana nan yadda take, wanda bai kawo aiki ba sai baɗi. Ma'ana abokan karatunsa su tafi bautar ƙasa, shi ya koma aji, ya sake bin ƙauyuka neman muryoyin da biyu daga ciki suna kabari.

An tambayi liman ko ana yi wa na'ura addu'ar rahama. Ya ce a'a, a yi wa mai ita ta haƙuri. Iyali sun karɓi wannan.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gobe Litinin gawa za ta tashi daga tashar Gwaram a motar farko, ta bi ta Birnin Kudu, inda Maikano zai shiga, zuwa Kano wajen mai madubi. In an samu abin da ke cikinta, za a bar sauran jikin a can, masu gyara su raba wa mabuƙata. In ba a samu ba, za a dawo da ita gida, don Zulkifli ya ce ba zai iya barin ta hannun baƙi haka kawai ba.

Ana karɓar gaisuwa a zauren Malam Mika'ilu daga hantsi zuwa la'asar. Ana roƙon masu zuwa abu biyu. Kada kowa ya tambayi mai makoki me ya sa bai ajiye kwafi ba, an riga an tambaye shi sau sittin, amsar ba ta canza ba. Kuma duk wanda ya shiga cikin gida ya sani, ciwon da ya kashe Hajiya Lami tsufa ne. Haka aka gaya wa Inna. Kada a ambaci zafi, kada a ambaci iska.

Masu rakiya uku ne, ba Zulkifli da Maikano kaɗai ba. Inna, wadda rabonta da mota tun haihuwar autarta, ta ce da ita za a je. Ta ce a cinyarta za a ɗora gawar, a buɗe, kusa da taga. Ba ta faɗi dalili ba, ba kuma wanda ya iya tambayarta.

Mai madubi ya ce zuwa azahar za a san matsaya. Wanda ya kira Zulkifli bayan la'asar ya ji wayar a kashe, don Allah kada ya sake kira.

Sanarwa: Sa'adiyya Mika'ilu Gwaram, a madadin iyali.