Giɓin Dala Talatin da Takwas

"Lafiya lau muka tashi, sai dai ganinka da ya ɓata min safiya."

"Madalla. Ni ma da na san fuskarki zan fara gani, da na koma na ja bargo."

Kitione ya tuɓe silifas a bakin ƙofa, ya sunkuya ya shiga shagon da jakarsa ta tsohon akawu a hammata. Salanieta ko ɗaga kai ba ta yi ba daga tabarmar da take zaune. Taubashinta ne, mahaifiyarsa ƙanwar mahaifinta ce, kuma tun suna yara suna kamun ƙaguwa a bakin teku ba su taɓa gaisawa da daɗin baki ba. Yanzu ita ta doshi sittin, shi ya haura, amma bakin nasu bai tsufa ba.

Sai dai yau zuciyarta ba ta wajen wasa. Wata uku ke nan da ta buɗe shagon a jikin gidanta, a ƙauyensu na tsibirin Kadavu, da dala dubu uku na haƙƙin aikin mijinta Peniasi da aka biya ta bayan rasuwarsa, da dubu biyu da ƙungiyar mata ta ranta mata. Sharaɗin ƙungiyar guda ne: bayan wata uku a kawo littafi a rufe, babu kayan da suka ɓace ba a san inda suka shiga ba. In an samu giɓi, a dawo musu da kuɗinsu. Jirgin ruwan Talata zai kawo matar da ke duba littattafan, yau kuwa Asabar, gobe coci. In shagon ya rufe, ɗanta Waisale ya riga ya gyara mata ɗaki a Suva, babban birni, kuma daga tagar wancan ɗakin ba a hango kabarin Peniasi kamar yadda ake hango shi daga nan.

"Ina takardun?" in ji Kitione. "Ko kin hura wuta da su?"

"Suna cikin gwangwanin biskit. Biskit ɗin ne babu, kada ka sa rai."

"Komai na gidan kawuna nawa ne, har gwangwanin. Ɗan mace nake. In na ga dama yau in ɗauke kwanon rufin nan in tafi da shi, ba mai ce min kanzil."

"Ɗauka mana. Wanda ke hutawa sau biyu kafin ya hau tudun coci shi ne zai ɗauki kwano."

Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya sa tabarau, ya zaro alƙalaminsa na ƙarfe, wanda kamfanin kwakwa ya ba shi ranar da ya yi ritaya bayan shekara talatin yana riƙe musu littafi. Ba ya barin kowa ya taɓa alƙalamin nan, ko matarsa. Daga nan wasa ya ɗan lafa, don in Kitione ya kama lissafi har numfashinsa sauyawa yake yi.

Shi ya koya mata rubuta littafin kullum tun ranar da ta buɗe: abin da ya shigo, abin da ya fita, kowane da kwanan wata. Yanzu yana ɗaukar rasit ɗaya ɗaya yana gwadawa da abin da ta rubuta, sannan ya kwashe zuwa babban littafi, inda kowane abu ke da shafinsa. Kuɗin hannu shafi guda, kaya shafi guda, bashin ƙungiya, kuɗin dakon jirgi, katakon kanta, jarinta ita kanta. Duk abin da ya sa a hagu a wani shafi, sai ya nemo masa abokinsa a dama a wani.

"Wannan bakwai ce ko ƙugiyar kamun kifi?"

"Bakwai ce. Idonka ne ya ƙare."

"Na ga rubutun kaji a kan yashi ya fi wannan kyau. Amma dai ba ki tsallake rana ba, wannan kam na ba ki."

"Kada ka yabe ni, sai in ɗauka ciwo ya kama ka."

Rana ta kusa tsaka ya tara hagu, ya tara dama, suka zo daidai ba ko sisi a tsakani. Ya ƙara kuɗin ruwan da ya hau kan bashin, ya rage ɗan abin da kanta ta tsufa, ya juyo mata da littafin.

"Riba dala ɗari uku. Wato in kayan da littafi ya ce suna nan, suna nan ɗin. Tashi mu ƙirga."

Nan ne gabanta ya faɗi, don ta san ba duka suke nan ba. Suka bi kanta layi layi, tana kira yana rubutawa: fulawa, shinkafa, sukari, kifin gwangwani, sabulu, ashana, kananzir. Da suka gama ya daɗe yana danna kalkuleta, ya goge ya sake.

"Salanieta, kayan dala ɗari huɗu da goma sha biyu ba sa nan."

Ta juya tana gyara gwangwanayen da ke kan kanta.

"In ɓacewa suka yi, asara ce. Ribar ta tafi, har kin faɗi da ɗari da goma sha biyu, kuma matar Talata ba za ta ko sha shayinki ba. Na dai lura kin ƙara ƙiba, amma ban zaci kin kai buhun fulawa biyu ba."

"Taron Peniasi ne," ta ce a hankali. "Ranar cikar shekara, da aka yi wa kabari siminti. Danginsa sun zo kwale-kwale uku. Da me zan tarbe su?"

Kitione ya cire tabarau. Shi ma yana wajen ranar, shi ya riƙe igiyar awo da aka zuba simintin.

"Me ya hana ki rubutawa?"

"In rubuta me? Mijina, dala kaza? Na ɗauki biro sau uku, hannuna ya ƙi."

"Ba mijinki za ki rubuta ba, fulawa za ki rubuta. Shago daban, ke daban. Abin da kika ɗauka don gidanki ba ɓata ya yi ba, jarinki kika rage, kuma yana da shafinsa. Faɗa min abin da aka ci."

Ta lissafa masa ba gargada, kamar jiya aka yi: fulawa buhu biyu, sukari, katan ɗin naman gwangwani, kananzir jarka biyu da aka miƙa wa baƙi. Dala ɗari biyu da sittin.

"Peniasi kam ko a kabari bai daina cin abinci da yawa ba," in ji Kitione, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Rabin naman kai ka cinye. Na gan ka."

"Don kada ya lalace ne. Saura ɗari da hamsin da biyu."

"Kerekere."

Ya saki wani dogon tsaki. Kowa a tsibirin ya san kerekere: ɗan'uwa ya zo ya durƙusa ya roƙi abu don buƙata, ba a hana shi, ba a kuma bin sa bashi, don gobe kai ne za ka durƙusa a ƙofarsa. Shago huɗu aka taɓa buɗewa a ƙauyen, duka huɗun kerekere ne ya cinye su.

"Su waye? Ba ni sunaye."

"Ba zan ba ka ba. Mutum ya zubar da kunyarsa a gabana, sannan in rubuta sunansa baƙuwa daga Suva ta karanta? Kayan zan faɗa maka da ranakun."

Ta faɗa. Shinkafa ranar da aka yi haihuwa a gidan da ke bayan coci, sabulu da sukari ranar da aka kai wani asibiti, kananzir ga wata tsohuwa. Ya tara, dala ɗari da goma sha huɗu.

"Saura talatin da takwas."

"Shi ke nan abin da na tuna."

Ƙarya ta yi, kuma ta ji ɗacinta a bakinta. Ta tuna sarai. Torika ce, matar Kitione, ta zo kerekere ta ƙofar baya sau huɗu cikin wata biyu. Fanshon Kitione ya maƙale a wani ofis a birni tun farkon shekara, shi kuwa girman kai ba zai bar shi ya gaya wa kowa ba, ga gwiwa tana hana shi barci, ga shi ba ya iya cin komai da safe sai shayi. Torika ta kama hannunta ta ce, don girman Allah kada ya ji, in ya ji ba zai ƙara sa wa bakinsa ba. Salanieta ta yi alkawari.

"Rubuta ni na sha," ta ce.

"Shekara talatin ban rubuta abin da ban sani ba, ba zan fara a kanki ba. Kuma ke da likita ya raba da kayan zaƙi? Ki gaya min wane malalaci ne. Irinsu ne suka kashe shagon Apakuki a ƙauyen nan. Mutum da ƙafarsa da hannunsa, ga teku ga gona, ya zauna yana cin jarin gwauruwa. Da ni ne mai gari, a tsakar fili zan zaunar da shi a kira sunansa."

"Ka cika baki, ɗan mace. Ƙila ma tsoho ne marar amfani."

"Tsufa ba hauka ba ne. Ni ba tsoho ba ne? Kin taɓa ganina a ƙofarki ina roƙo?"

"Kai ai ba ka roƙo, ɗauka kake yi."

"Wannan haƙƙina ne. To tunda kin ƙi, littafi zai faɗa. Ba ya rufa wa kowa asiri."

Ya jawo takardar ƙirga ya ɗora ta gefen shafin kaya, yana bi da bakin alƙalami yana cire abin da ta riga ta faɗa. Salanieta ta juya tana kallon taga. Ta san in ta yi magana ta ci amanar Torika, in ta yi shiru kuma giɓin na nan har Talata. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka dawo da Peniasi daga teku.

"Madarar gari, gwangwani huɗu," Kitione yana karantawa. "Ganyen shayi, biyu. Man zafi na shafawa, kwalba biyu. Batirin rediyo..."

Bai ƙarasa ba. Alƙalamin ya tsaya a kan takarda, har tawada ta yi ɗigo. Can waje ana jin wani yana fasa kwakwa.

"Torika ta ce min 'yarmu ce ta aiko daga Suva," ya ce, ba tare da ya ɗago ba.

"Ni ban ce komai ba."

"Ba ki ce ba."

Ya daɗe a haka. Salanieta ba ta taɓa ganin bakin Kitione a rufe tsawon wannan lokaci ba, kuma sai ta ji tausayinsa ya fi ƙarfin tsoron da take ji. Ta san in ta lallashe shi ta gama kashe shi, don haka ta yi abin da ta saba.

"To, mai gari. Yaushe za a zaunar da shi a fili? In sa a buga ganga?"

Ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Rubuta sunana. Bashi ne, zan biya."

"Ba a sa suna a littafina. Kuma ba kai ka ce komai na gidan kawunka naka ne ba? Kayanka ka sha. Ni dai takaicina, madara gwangwani huɗu ta shiga jikin nan, ko alamar kumatu babu."

Wata 'yar dariya ta kufce masa, ya share ido da bayan hannu. Ya mayar da tabarau, ya buɗe shafin abin da mai shago ta cira, ya rubuta talatin da takwas a ƙarƙashin sauran, da kayan ɗaya ɗaya. Ya sake tarawa. Kayan littafi da kayan kanta suka zo daidai. Ya fitar da takardar riba, dala ɗari uku, ya fitar da ta abin da shago ya mallaka da abin da ake bin sa, gefe biyun suka haɗu. Sannan ya kwashe ribar ya zuba a jarinta, ya cire ɗari huɗu da goma sha biyun, ya ɗauki rula ya ja layi biyu a ƙasa.

"An rufe. Matar Talata ta zo da tabarau goma in ta so. Amma ki ji, jarinki ya ragu. In kika ci gaba da bayarwa fiye da ribarki, baɗi ba shago. Na buɗe miki sabon shafi, kerekere. Ba suna, kaya da rana kawai. In ya kai dala hamsin a wata, ki ce littafi ya hana, ba ke ba."

"Yanzu littafin ne zai yi rowa a madadina?"

"Shi ba shi da dangi."

Ya rufe alƙalamin, ya juya shi a hannu, sannan ya ajiye shi a kan tabarma a gabanta.

"Mene ne wannan?"

"Rubutunki ne ya yi muni da yawa. Ƙila ya gyaru."

"Tsohon ƙarfen da bai kai dala biyu ba za ka biya ni da shi?"

"Kin kayar da ni yau, 'yar kawu. Karɓi kawai, kada ki sa in roƙe ki."

Ta ɗauka. Ya fi yadda take zato nauyi. Ta miƙe ta sauko da gwangwanin madara daga kanta, ta tura masa cikin jaka, sannan ta buɗe sabon shafin ta rubuta a layin farko, a hankali: madara, ɗaya, Asabar.

"Ka kai wa Torika," ta ce. "Ka ce mata daga Suva aka aiko."

Kitione ya yi dariya har sai da ya dafa ƙofa, hawaye na bin fuskarsa, ya saɓa jakar ya fita yana neman silifas ɗinsa.