Yadda Za Ka Gyara wa Surukinka Sunan Wuƙarsa

Kai mai neman aure a ƙauyukanmu na jihar Minas, kana so uban yarinya ya san ba da jahili zai haɗa zuri'a ba? Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka ga aiki. Valdivino mai kantin maganin dabbobi ya bi su tiryan-tiryan lokacin da yake neman Zulmira 'yar dattijo Seu Onofre, kuma har yau ana ba da labarinsa a garinmu.

1. Tara wuƙaƙe, kada ka yanka komai

Sayi wuƙaƙen aljihu masu naɗewa, ka jera su kan ƙyalle, ka riƙa shafa musu mai duk Asabar. Valdivino in zai sha lemo haƙori yake sa masa, wai ruwan lemo na jawo tsatsa.

2. Haddace sunaye

Mai miƙaƙƙen baki da guntulen kai, ta yankan taba ce. Mai lanƙwasa ta gyaran rassan kofi ce. Gajera mai zagayayyen kai, wadda ba ta huda, ita ce ta fiɗiyar maruƙa. Duk wanda ya ce "wuƙa" kawai ya yi shiru, dube shi kamar ya yi tusa a coci.

3. Yi watsi da gargaɗin mace

Zulmira ta gaya masa ranar Lahadi babanta zai yanke magana, ko ya ba shi ita ko ya hana. Ta ce ya ci abin da aka ba shi, ya yabi kofi, ya kama bakinsa. Ya ce ya ji. Kai ma ka ce ka ji, ai faɗa ba wuya.

4. Jira sai tebur ya cika

Gyara a keɓe asarar ilimi ne. Ran Lahadin a gidan su Zulmira an ci kaza da kuɓewa, ga Fada daga coci, ga Gwaggo Perpétua ƙanwar maigida. Sai Seu Onofre ya zaro wata tsohuwar wuƙa mai ƙotar ƙaho, ya shiga yanka cuku da alewar gwaiba yana miƙa wa kowa a bakin wuƙar, kamar yadda ya saba tun 'ya'yansa na ƙanana. Ya ce gadon mahaifinsa ce, mutum mai gona da barori, wanda bai san wani aiki ba sai zama a inuwa yana yanka taba da ita.

Valdivino ya ƙura wa kan wuƙar ido. Zulmira ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Yana son yarinyar nan har cikin ransa, wannan ba ƙarya. Amma a kira wuƙa da sunan da ba nata ba a gabansa, ya haɗiye? Da sauran aiki.

5. Faɗi gaskiya, ka kawo hujja

"Baba, a gafarce ni," in ji Valdivino, "wannan ai ba ta taba ba ce. Ta fiɗiya ce. Dubi kanta, an zagaye shi ne don kada a huda maraƙi. Ga yadda ta cinye nan, ta sha aiki ba kaɗan ba."

Abin haushin kuma, gaskiyarsa ce. Fada ya ajiye cukunsa a hankali. Gwaggo Perpétua ta tofar da nata cikin hankici. Kowa a teburin ya gane abin da ba a taɓa faɗa ba a gidan: mahaifin maigida da ake tinƙaho da shi gona-gona ya riƙa bi yana yi wa maruƙan mutane fiɗiya.

6. Karɓi ladanka

Seu Onofre bai ɗaga murya ba. Ya goge wuƙar a wandonsa, ya naɗe ta, ya tura gaban Valdivino.

"Tunda ka fi ni saninta, riƙe."

Daɗi ya kama Valdivino, ya ɗauka an karɓe shi ke nan. Nan da nan ya hau laluben aljihu, don a wajenmu ba a ba da wuƙa kyauta. Ko ɗanka ne sai ya miƙo ƙwandala ta zama ciniki, in ba haka ba wuƙar ta yanke abin da ke tsakaninku. Ya samo ƙwandala ya ajiye kan tebur yana murmushi.

Tsohon ya sa yatsa ɗaya ya turo masa abarsa.

"Mayar da kuɗinka, yaro. Kyauta na ba ka."

Zulmira ta tashi idonta jawur, ta ɗauko masa hularsa da kanta.

Hattara

Ba ruwan mai wannan rubutu da auren da ya fasu, ko cukun da aka zuba wa karnuka, ko Fada da ya daina cin abinci a gidan mutane. Mai ƙorafi ya kai wa Zulmira. Tana nan ranar kasuwa tana sayar da cukunta, sai dai ba ta amsa gaisuwar masana.