Yadda Ake Lissafin Tura Moto da Ragon Suna a Baya

Bi matakan nan, na yi maka alkawari lissafinka ba zai kauce ba ko da jul guda, wato ma'aunin ƙarfin aiki. Ni mushen fizik ne a Tasawa, malamin kimiyya ke nan. Gaskiya ban san cikin moto, wato babur, ba, amma wannan ba ya cikin darasi.

1. Samu abin turawa. Matarka tana wankan jego a Hawandawaki, yau suna. Ka ce wa surukinka, Alhaji Ƙadri, rago zai iso kafin hantsi. Ɗaure shi a bayan moto. Moton zai mutu a tsakiyar rairayi, ba sai ka roƙe shi ba.

2. Haɗa nauyi. Moto kilo ɗari, rago arba'in. Kada ka sa tumbinka, ilimi ba ya son tonon asiri.

3. Lissafa. Moto ba ya tashi da turi sai ya kai gudun mita uku a sakan. Aikin da za ka yi shi ne rabin nauyi, sau gudu, sau gudu: jul ɗari shida da talatin. Kurɓin fura guda ya fi wannan ƙarfi. Yi murmushi.

4. Tura. A nan za ka gane rairayi bai shiga lakwal ba, bai taɓa zama a aji ba. Duk jul ɗin da ka zuba, shanyewa yake. Ragon kuma zai waigo ya dube ka irin kallon da ɗalibai suke maka.

5. Tsare mutuncinka. Hammadu mai amalanke zai tsaya.

"Mushe, ɗoro ragon mana, ni ma can za ni."

"A'a Malam Hammadu, jul ɗari shida kaɗai suka rage."

"To! A Maradi ake sai da su?"

Ci gaba da turi. Mai ilimi ba ya jayayya da mai shanu.

6. Isa da azahar. Za ka tarar an yanka ɗan akuyar maƙwabta, Alhaji kuma zai gaishe da ragon kafin ya gaishe ka.

Ciwon baya, shirun matarka da yaron da 'yan gari za su riƙa kira Ɗan'akuya, duk babu ruwana. Lissafin daidai yake, na sake duba shi a hanya.

Famfon esansi, wato na fetur, ne a rufe. Ni na rufe shi a gida, don tattali.