Kujerun da Suka Cinye Jogoo Tatu

Jiya na goge takalmi, na sa kwat ɗin da ba na taɓawa sai biki ko jana'iza, ni da matata Nyokabi muka cusa kanmu cikin motar hayar nan matatu zuwa tsakiyar Nairobi. Shekararmu talatin da takwas da haɗuwa, kuma ba mu taɓa fashin cin kaza da soyayyen dankali a Jogoo Tatu a wannan rana ba. Muka tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofa.

Yaran yanzu ba su san Jogoo Tatu ba. Reshe goma sha ɗaya gare su a da, kuma babu kujera ko ɗaya. A tsaye ake ci, kafaɗa da kafaɗa, ana fuskantar dogon madubi. Dankalin a takarda, tsinke a hannu, ga miyar tumatir tsululu wadda ba wanda ya taɓa tambayar asalinta. Minti biyar ka gama ka ba wani wuri, shi ya sa ko masinja yake iya saye. A cikin madubin nan na fara haɗa ido da Nyokabi, bakina duk maiƙo.

Sai Allah ya azurta mu da Mai Girma Shugaban Kwamitin Kyautata Zama. Shi da mutum goma sha huɗu suka yi mako uku a ƙasar waje suna nazarin yadda ake zama. Suka dawo da tumbi da doka: ci a tsaye zubar da mutuncin birni ne, kowane mai ci sai da kujera. Wurin da mutum sittin ke tsayawa, kujera takwas ta cike shi. Ɗan Nairobi kuwa in ya samu kujera, da shayi kofi ɗaya zai karance jarida har tallan filaye. Garin neman gira aka rasa ido. Rassan suka yi ta mutuwa, wannan ne na ƙarshe.

A bakin ƙofar muka ga dattijo Mzee Wekesa, wanda ya shekara arba'in yana suya a wurin, zaune kan ɗaya daga cikin kujerun. Ban taɓa ganinsa a zaune ba, ashe gajere ne.

"Mzee, yaushe za a buɗe?" in ji Nyokabi.

"Mama, cewa suka yi a zauna. To, ga shi na zauna."

Nyokabi ta kanga hannu a gilashi ta leƙa ciki, ta daɗe. Ta juyo ta ce da ni, "Baban Kariuki, har madubin babu."

"Ranka ya daɗe Shugaban Kwamiti ne ya aiko aka cire," in ji Wekesa. "Wai kayan tarihi ne, ofishinsa ya fi dacewa da shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Muka sayi gasasshiyar masara a bakin titi muka ci a tsaye, muna kallon juna kai tsaye, abin da ba mu saba ba.

Madubin dai na yafe wa Mai Girma. An ce gwano ba ya jin warin jikinsa, amma ko banza yanzu kullum da safe zai riƙa haɗa ido da wanda ya kashe wurin.