Rasuwar Mai Doro, Kibod ɗin Malam Yuguda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannaye biyu masu zogi, ni Yuguda Njidda na unguwar Turaki, Jalingo, tsohon mai buga takardu a sakatariya, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kibod ɗina, wanda aka fi sani da Mai Doro. Ya rasu ranar Talata da hantsi a kan teburina, bayan jinyar wata biyu da tiyata guda. Shekararsa goma sha shida a hannuna. Waɗanda ya yi kafin ya faɗo gwanjo, Allah kaɗai ya san adadinsu.

Marigayin ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar sauran 'yan uwansa. Tsakiyarsa a tashe take, madannansa sun rabu gida biyu, kowane gida ya karkata yadda hannu zai kwanta a kansa ba a murɗe ba. Mutane sun sha yi masa dariya. Ni ban taɓa yi ba. Shekara talatin na tafireta sun cinye mini wuyan hannu. A kan kibod irin na kowa, kafin minti goma yatsuna sun mutu, biro kuwa iyakata da shi sa hannu. A kan Mai Doro sai in wuni.

Aikinsa na ƙarshe shi ne mafi girma. Tun bara, duk Asabar nakan saka shi a jaka mu tafi Sunkani wurin yayata, Adda Hajaratu, wadda ta haura tamanin. Ita kaɗai ta rage da ta san tarihin gidanmu: wa ya haifi wa, daga ina kakanninmu suka koro shanu, a ina aka binne su. Na gwada ɗaukar muryarta da waya, ta ja bakinta ta rufe.

“Ba na hira da abin da ba ya amsawa,” in ji ta.

Amma in ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas ɗin Mai Doro, sai ta gyara zama ta ci gaba. In ya yi shiru ita ma ta yi. Kuma kowane mako abin da take tunawa raguwa yake.

Ciwon ya fara da tsallake haruffa. Daga baya kwamfuta ta daina gane shi kwata-kwata. Shago huɗu na kai shi, duka suka ce in yar in sayi sabo. Sai aka nuna mini Lydia Tobiya, mai gyaran kayan lantarki a bakin kasuwa. Ta buɗe shi ta daɗe tana aunawa.

“Baba, jikinsa ƙalau,” ta ce. “Ƙwaƙwalwa ne ya mutu. Zan iya sa masa wani, amma sai ka yi haƙuri.”

Sabuwar ƙwaƙwalwar, wadda ba ta fi babban yatsa ba, ta yi mako uku a hanya daga Legas. Lydia ta bi layukan cikin Mai Doro ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa waya ashirin da shida da dalma, sannan ta rubuta manhajar da za ta koya wa ƙwaƙwalwar wane madanni ne wane harafi. Ta tambaye ni ko akwai abin da nake so a ƙara. Na ce haruffa masu ƙugiya. Ranar da na danna sau ɗaya na ga ɗ ta fito, na sake dannawa na ga ŋ ta Fulatanci, sai da na cire tabarau na share ido. A wannan Asabar ɗin ni da Adda mun yi shafi goma sha ɗaya.

Kwana tara ya yi a haka.

A nan dole in faɗi gaskiya, domin ba ciwo ne ya kashe shi ba. Lydia ta gargaɗe ni kada in buɗe shi ko me na ji. Ta tafi biki garin Mutum Biyu. Ranar Talata na ɗaga shi na ji wani abu yana kwaram-kwaram a ciki. Tsoro ya kama ni kada gargadar hanya ta tsinka wata waya. Na kwance kusoshi, na ɗaga murfi da waɗannan yatsun nawa da ba sa jin abin da suka riƙe. Siririyar ledar nan mai layukan azurfa, wadda ta haɗa madannai da ƙwaƙwalwa, ta ce tsat. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe.

Da Lydia ta dawo na kai mata shi a rungume.

“Ki ɗinke da dalma, 'yata.”

“Zai narke, Baba.”

“To ki aika Legas.”

“Sun daina yin irinsa tun da daɗewa.” Ta gwada wani fenti mai ɗaukar wuta, madanni uku suka farfaɗo, kafin la'asar suka koma. Ba ta ce mini ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa, da na fi samun sauƙi.

Marigayin ya bar kwamfuta ɗaya mai tari, da sabuwar ƙwaƙwalwa marainiya, da littafi mai shafi ɗari biyu da bakwai wanda ya tsaya a kan kakan kakanmu, da ni.

Jama'ar Jalingo, don girman Allah ku duba ɗakunan ajiyarku. Ma'aikatan ofis, ku leƙa bayan kabad da cikin kwalayen da aka manta. Duk wanda ya ga kibod mai doro, ko matacce ne, ko babu madanni ko ɗaya a jikinsa, ledar cikinsa kawai muke nema. A kai shagon Lydia. Ko a wane gari yake zan je da kaina. Masu niyyar kawo mini shimfiɗaɗɗe kuwa, na gode, an riga an kawo uku.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe a shagon. Lydia za ta cire ƙwaƙwalwar ta adana a gwangwani, a naɗe gawar a tsohon zane a ɗora kan kabad. Ba za a yi zaman makoki ba, kuma ana roƙon masu zuwa su zo da wuri, don ƙarfe takwas zan kama hanyar Sunkani. Adda ta aiko jiya cewa sunan mahaifiyar kakan kakanmu ya dawo mata. Ta ce in yi sauri kafin ya sake tafiya.