Gyatsar Tunau Mai Tsinke

A wani gari da ake kira Munƙoshi, ba a taɓa jin mutum ya buɗe baki ya ce yana jin yunwa ba. Da farko ba doka ce ta hana ba, kunya ce kawai irin ta mutanen kirki. Daga baya Majalisar Haka-Ne, wadda ke ba Sarki Tumbi na Uku shawara, ta lura kalmar tana zaune a banza ba mai taɓa ta, sai ta yi mata ritaya, ta naɗa "hutun ciki" a gurbinta. Tun daga ranar, in ka ga mutum ya jingina da bango idanu sun faɗa, to ba wani abu ba ne, cikinsa ne ya ɗauki hutu. Akwai gidajen da cikinsu ya shekara uku bai koma bakin aiki ba.

Kasuwar garin sunanta Taya-Ka-Wuce, kuma duk Laraba cika take yi maƙil. Magidanci zai zuba babbar riga, ya tsaya gaban mai hatsi, ya damƙi gero ya shinshina, ya tambayi kuɗin tiya. In an faɗa masa sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ai da araha. Bari in zagayo." Wannan zagayen har yau ba a samu wanda ya gama shi ba.

A bakin kasuwar nan Tunau yake da teburi. Mahauci ne, ɗan mahauci, jikan mahauci. A zamanin ubansa sa biyu ake kayarwa kullum. A nasa zamanin aka dawo akuya ɗaya, daga nan aka koma sai mahauta huɗu sun haɗa hannu a kan tunkiya, har aka kai ranar da ƙudaje ma suka daina biyowa ta wajen. Yana zaune wata rana yana fiƙe wani ɗan itace da wuƙar fawa don kashe lokaci, sai ga maƙwabcinsa Malam Barau, tsohon malamin makaranta wanda fansho ya daɗe da mance hanyar gidansa.

"Tunau, ɗan ba ni tsinken nan."

"Me za ka yi da shi, Malam?"

"Surukina ne zai zo gaishe ni bayan azahar."

Malam Barau ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya kishingiɗa yana sakace a hankali. Suruki ya zo ya gani, ya koma ya baza labari cewa gidan Malam nama ake ci da rana tsaka. Kafin Laraba ta zagayo, layin da ke gaban teburin Tunau ya fi na zamanin sa biyu tsawo.

Tunau ba wawa ba ne. Teburin nan ya shekara arba'in yana shan kitse, don haka sai ya riƙa goga tsinkayen a jikinsa ya sayar da su a matsayin masu ƙanshin balangu. Waɗanda ya barbaɗa wa yaji su ne na tsire, kuma sun fi tsada. Mata ma ba a bar su a baya ba. Da la'asar sai ka ji unguwa ta ɗauki luguden turmi, alhali ba komai a ciki sai iska, a ɗora tukunyar ruwa zalla a murhu don hayaƙi ya tashi maƙwabta su shaida. Kowa ya san abin da ke cikin tukunyar kowa, amma kowa yana yi wa kowa kara.

Ana nan sai Sarki ya fita zagayen gari a mota, gilashi a rufe saboda ƙura. Ya duba dama ya ga tsinke, ya duba hagu ya ga tsinke. Ya juya wajen Wazirin Kwantar-da-Hankali.

"Waziri, talakawan nan kullum nama suke ci?"

"Ranka ya daɗe, har ya fara gundurarsu."

"To a ja musu kunne, yawan nama yana kawo ciwon gaɓoɓi."

Majalisa ta zauna, aka ce haka ne. Aka buɗe Ofishin Rage Cin Nama, aka ba shi motoci huɗu. Aka kuma kafa wani ƙaton tsinken ƙarfe a shataletalen tsakiyar gari, tsawonsa ya fi bishiyar rimi, don baƙo ya san inda ya shigo.

Da an bar Tunau a haka da ya yi arziki. Sai dai tsinken da bai taɓa haɗuwa da nama ba yana da aibi ɗaya: ba ya lalacewa. Mutum zai yi sakace da shi, ya wanke, ya shanya, ya soke a hula sai gobe. Wani ma da ya rasu, 'ya'yansa uku sai da aka raba musu gardama a kan wanda zai gaji na tsiren. Cikin shekara guda kowa ya mallaki nasa, layi ya watse, cikin Tunau ya bi sahun na sauran jama'a ya tafi hutu.

Shi da matarsa Delu sun iya jurewa, sun saba. Amma akwai Tabawa, 'yarsu mai wata huɗu, wadda ba ta san dokokin gari ba. Nonon Delu ya fara ƙafewa. Yarinya ta kama, ta ja, ta saki, ta yi kuka, har kukan ya fara zama buɗe baki kawai ba sauti. Wannan shirun shi ya tsorata Tunau. Mutumin da ya saba kayar da sa shi kaɗai, sai ga shi ba ya iya kallon fuskar jaririya.

A makon nan ne labari ya zo cewa Madugu Nomau, wani attajiri daga tsallaken kogi, yana tafe da manyan motoci goma shaƙe da gero. Mutanen garinsu ne suka ji ƙishin-ƙishin ɗin halin da ake ciki suka haɗa gudummawa. Sai dai su ma masu kara ne, ba sa son cusa wa ƙosasshe abinci su ci masa fuska. Sharaɗinsu ɗaya: magidanci guda ya fito a bainar jama'a ya ce yana jin yunwa, da tsohuwar kalmar, sai a sauke wa gari duka.

Magidanci guda kawai. Kowa a gari ya shiga kallon maƙwabcinsa ta wutsiyar ido.

Malam Barau ne ya fara zuwa gidan Tunau, ya ja shi gefe.

"Ka san ni ɗalibaina suna ko'ina, ba zai yi kyau a ji daga bakina ba. Ku kuwa mahauta Allah ya hore muku baki. Ka taimaka ka faɗa, za mu mara maka baya."

"Daga ina za ku mara mini, Malam?"

"Daga baya mana, kamar yadda na ce."

Bayansa mai unguwa ya zo, sai ladan, sai tela, sai shi kansa mai hatsi, wanda ya rantse rabon da ya ɗanɗana abin da yake sayarwa tun damina. Kowa da tsinke a baki, kowa da dalilin da ya sa shi ba zai iya ba. Tunau ya saurare su, ransa na tafasa, domin ya san gobe in sun ƙoshi su ne za su fara kiransa Tunau Mai Yunwa, 'yarsa kuma ta tashi da sunan 'yar mai yunwa har gidan miji.

Delu ba ta yi dogon bayani ba. Ta ɗago yarinyar ta ɗora masa a cinya.

"Baban Tabawa, ɗauke ta ka ji."

Ya ɗauka. Tsokar da ya saba yanka wa mai sayen ɗari biyu ta fi ta nauyi.

"Kalma ɗaya ce," in ji Delu. "In sun sa mana suna, mu amsa. Ni dai ina son ta rayu ta ji sunan."

Ta tura shi bayan ɗaki ya yi gwaji, don kalmar ta shekara bakwai ba ta bi ta harshensa ba. Da farko "yun" kawai ke fita, sauran ya maƙale. Ta ce ya sake. Ya sake, ya sake, har ta fito cikakkiya, kazar maƙwabta ta firgita ta bar wajen. Delu ta yi dariya, dariyar farko a cikin wata guda, ta wanke tukunya ta kife tana jiran gero.

Ranar Laraba da hantsi gari ya hallara a ƙofar fada. Motoci goma suka jeru, ƙanshin sabon gero ya cika fili, maƙogwaro dubu suna hawa suna sauka a bayan tsinkaye dubu. Sarki na zaune a inuwa, Waziri na tsaye a gefensa yana murmushin da aka naɗa shi dominsa. Madugu Nomau ya miƙe, dattijo mai fara'a, ya yi tambaya.

"Jama'ar Munƙoshi, ko akwai mai jin yunwa a cikinku?"

Kowa ya duƙar da kai yana duba takalminsa. Madugu ya sake tambaya. Wani dattijo ya yi tari, aka juya da sauri, ya ce ƙura ce. A karo na uku Tunau ya ji ƙafafunsa sun ɗauke shi. Ya waiga don ya ga masu mara masa baya, ya hango hular Malam Barau can bayan tsinken ƙarfe. Ya ƙarasa tsakiyar fili, ya sa hannu ya zare tsinken bakinsa. Mata suka kama baki. Murmushin Waziri ya ɗan karkace.

Tunau ya ja numfashi, kalmar tana kan harshensa a shirye. Amma Madugu mutum ne mai tarbiyya, ba zai yi magana da magidanci bai gaishe shi ba. Ya miƙo hannu.

"Sannu, Malam. Ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya iyali?"

"Lafiya ƙalau."

"An ci, an sha?"

"Alhamdu lillahi."

Bakin ne ya amsa, ba Tunau ba. Shekara arba'in yana amsa gaisuwa, ba a taɓa tsayawa neman izininsa ba. Sai da amsar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Ya buɗe baki da ƙarfi don ya gyara, ya tattaro duk abin da ke cikinsa. To, abin da ke cikinsa kwana biyu iska ce, kuma ita ta riga kalmar fitowa. Wata irin gyatsa ta kufce masa, doguwa mai amo, har tantabarun soron fada suka tashi.

"Masha Allah," in ji Madugu, ya saki hannunsa. "A gafarce mu, ashe ƙarya aka kai mana."

Makaɗa suka saki ganga, maroƙa suka ɗauki kirari. Tunau yana cewa, "Tsaya, Alhaji, ba haka nake nufi ba," amma wa zai ji shi? Jama'a na tafi, wasu na share hawaye, ana cewa na farin ciki ne. Madugu ya ce to bari ya juya da kayansa. Waziri ya ce haba, mayar da kyauta ai cin fuska ne, a sauke a rumbun fada a adana saboda gaba. Majalisa ta ce haka ne. Talo-talon Sarki ɗari uku suna leƙe ta kan katanga.

Nan take, saboda ya fitar da gari kunya a gaban baƙo, aka naɗa Tunau Sarkin Gyatsan Munƙoshi. Aka naɗa masa rawani, aka ba shi tsinken azurfa a cikin ɗan akwati. Malam Barau ne ya fara ratsowa ya rungume shi.

"Ka kyauta, Tunau," ya raɗa masa a kunne. "Da ka faɗa, da ina za mu sa kanmu?"

Da azahar ya isa gida. Delu na zaune a bakin murhu, ta riga ta hura wuta, ruwa na tafasa. Ta dubi rawanin, ta dubi akwatin, ta dubi hannunsa ɗaya da ba komai. Ba ta tambaye shi ba, ganga ta riga shi isowa. Ya tsuguna a gabanta. Tabawa na kwance a cinyarta tana buɗe baki ba sauti.

Daga zaure aka yi sallama. Matan unguwa ne, sun zo barka da sarauta, ana jin guɗarsu tun daga lungu.

Delu ta ƙara itace a wuta don hayaƙi ya tashi sosai. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta lashi leɓɓanta su yi sheƙi. Sannan ta miƙa hannu ta zare tsohon tsinken da mijinta ya saƙale a bayan kunne, ta karya shi biyu. Rabi ta sa a bakinta. Ɗaya rabin ta goge shi da gefen zane, ta dubi 'yar da ko haƙori ɗaya ba ta da shi.

"Riƙe mata kai, Baban Tabawa," ta ce. "Ga baƙi nan shigowa."