Anaruwa da Ɗakin da Ya Fi Kyau

Zaɓen wurin da iyali za su yi hutu aiki ne mai nauyi, wanda ke bukatar sanin ƙasa da natsuwa da dogon nazari. Shi ya sa zuri'ar marigayi Malam Sambo na Tungar Marke suka ɗora shi a kan Anaruwa, domin shi kaɗai ne ya gama noma da maimai yake zaune.

Anaruwa shi ne auta. Yana gidan gado tare da mahaifiyarsa Inna Kuluwa da matarsa Lantana. Ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ba a kuma taɓa kama shi yana ƙara tunaninsa a kan abin da aka ce masa ba. In aka ce ya tsaya nan, to nan za a dawo a same shi, ko da kasuwa ta watse. Mutanen gari suna cewa yana da biyayya. Lantana, wadda ta fi su zama da shi, takan ce, "Uhm."

Yayyensa biyu suna nesa. Yaya Hashimu ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, Yaya Ukasha injiniya ne a Fatakwal. Shekara shida ke nan ba sa ga maciji da juna, tun ranar da Ukasha ya sa aka sare mangwaron da mahaifinsu ya dasa don a ja katanga. In wannan ya zo gida da ƙaramar Sallah, wancan sai da babba. Inna kuwa yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta ce ba abin da take roƙo sai ta ga 'ya'yan nan biyu a gaban kwano ɗaya kafin ganin ya ƙarasa tafiya. Da ƙyar aka shawo kansu. Kowa ya yarda zai zo da iyalinsa a dogon hutun makaranta, muddin ba a gidan da kututturen mangwaron yake ba ne. Otal kuma Inna ta ce a kai kasuwa, ita ba ta cin tuwon da ba ta san hannun da ya tuƙa shi ba. Sai dai a kama gida mai madafa a wuri mai kyan gani, a tafi da hatsi da kuka da daddawa, a yi girki. Saura mako biyar a rufe makarantu.

Wata rana Yaya Hashimu ya kira shi a waya. "Auta, kada ka yarda da hotunan da suke turowa. Ka je da ƙafarka. Ka ga wurin da safe, ka gan shi da rana, ka gan shi ana ruwa, sannan ka gaya mini." Anaruwa ya ce to. Ya hau mota zuwa wani gida a bakin dam, inda ruwa ya shimfiɗu har ƙarshen gani, masunta na kai da komo a kwale-kwale. Ya gan shi da safe. Ya gan shi da rana. Sannan ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zuba wa sama ido.

Mai gadi ya ce, "Malam, ka kama ne ko ba ka kama ba?"

"Saura ruwa."

A makon ne kuwa damina ta ga damar ɗaukar nata hutun. Ranar farko mai gadi ya yi masa kallon baƙo, rana ta huɗu ya fara raba abincinsa biyu ba tare da an roƙe shi ba. Rana ta tara hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa. Anaruwa ya tsaya a cikinsa ya duba tsaf, sannan ya kira Kaduna. "Yaya, na gani. Da safe dam ne, da rana dam ne, in ana ruwa kuma ya ɗan fi yawa."

"To ka kama mana!"

Ya juya wajen mai gadi. Mai gadi ya ce, "Ai an kama tun shekaranjiya. Kai ma ka taya su sauke kaya."

Wata rana Yaya Ukasha ya kira. "Auta, ni injiniya ne, ban san wani abu wai shi 'ai yana aiki' ba. Duk abin da ke cikin gida ka gwada shi da kanka. Komai da komai." Anaruwa ya ce to. Wani dillali ya kai shi gida a gindin dutse, ya ba shi makulli ya ce ya duba a tsanake. Ya buɗe kowane famfo. Ya zauna a kowace kujera. Gadaje bakwai ne, kuma tun da aikin gado barci ne, bai tashi daga kowanne ba sai da barcin ya tabbata, abin da ya ci kwana biyu. A bango ya ga jar tukunyar nan ta kashe gobara, ya gwada ta a tsakiyar falo. Tana aiki. Falon ya koma kamar shagon niƙa. Da ya gama da ciki sai ya fita waje don ya ga ko katanga tana hana mutum shiga. Yana kai ƙafa ɗaya sama 'yan sintirin unguwa suka riƙe ɗayar.

"Kai! Me kake yi nan?"

"Ina gwada katanga."

"To, ta yi?"

"Ita ba ta yi ba. Ku ne kuka yi."

Shugabansu ya ce shekararsa ashirin yana wannan aiki bai taɓa ganin ɓarawo mai ladabi haka ba, amma duk da haka sai da suka yi abin da suka saba. Da dillali ya zo ya karɓe shi, Anaruwa ya kira Fatakwal ya ba da rahoto: "Yaya, tsaron unguwar yana da kyau. Na gwada shi a gadon bayana." Dillali ya leƙa falo, sannan ya ce gidan yana nan a kasuwa ga duk mai so, ban da mutumin Tungar Marke.

Wata rana Inna ta kira shi ɗakinta. "Ni duk wannan ba shi ya dame ni ba, Auta. Murhu. Ka tabbata madafar za ta ciyar da mutum ashirin da uku." Anaruwa ya ce to. Wannan karon ya tafi da Lantana da babbar tukunyar biki da garin dawa. Gidan yana bakin rafi, da ciyawa shimfiɗe a tsakar gida kamar darduma. A madafar akwai murhun gas mai siraran ƙafafu. Aka ɗora masa tukunya, ya durƙusa, bai sake tashi ba. Sai suka jera duwatsu uku a kan ciyawar, Lantana ta tuƙa tuwo ta kaɗa miya.

Ta ce, "To Malam, ga shi ya dahu. Mu tafi."

"Dahuwa daban, ciyarwa daban. Inna cewa ta yi ya ciyar."

Ya tafi tashar mota ya ƙirgo mutum ashirin da uku ya taho da su a jere. Na ashirin da huɗu ya biyo su yana roƙo, Anaruwa ya ba shi haƙuri ya ce ba a yi maganarsa ba. Suka ci suka siɗe kwano, wani dattijo a cikinsu ya ɗaga hannu ya ce Allah ya ji ƙan mamacin.

"Ba wanda ya mutu."

"To Allah ya raya."

"Ba a haihu ba."

Dattijon ya ce, "To Allah ya maimaita." Washegari mutum sittin suka zo ganin ko an amsa addu'ar. Matar da ke da gidan ta iso ta tarar da su zaune a kan abin da ya rage na ciyawarta. Ba a kai ga maganar haya ba.

Saura mako biyu, Inna ta daina tambaya. Takan zauna a ƙofar ɗaki ta ɗaga hannunta gaban fuska tana ƙirga yatsu, ta ga ko duk suna nan.

Wata rana Yaya Hashimu ya sake kira, muryarsa ta gaji. "Auta, ko'ina ne ka kama. Wuri dai shiru, inda ba mai damunmu." Anaruwa ya ce to. Aka yi masa kwatancen wani gida a kan duwatsun hanyar Jos, inda iska ke da sanyi, gonakin dankali suka sauka hawa-hawa har cikin kwari. Maƙwabci ɗaya ne tak, kuma shi ne mai gidan, Malam Bulus, tsohon hedimasta. Anaruwa ya yi sallama ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, kana da niyyar damunmu?"

"Ba ni da ita."

"Zakaranka fa?"

"Ban tambaye shi ba."

"A tambaye shi."

Malam Bulus ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da 'yan aji ɗaya, don haka ba abin da ya rage a duniya da zai ba shi mamaki. Ya zaga bayan gida, ya ɗan jima, ya dawo. "Ya ce sau ɗaya a rana, da sassafe." Anaruwa ya auna ya ga wannan magana ce ta mai gaskiya. Ya kama gidan.

Wata rana, ana jibi tafiya, Yaya Hashimu ya kira. "Ɗakin da ya fi kyau, wanda tagarsa ke kallon kwari, nawa ne. Ni ne babba." Anaruwa ya ce to. Bai mayar da waya aljihu ba Yaya Ukasha ya kira. "Ɗakin da ya fi kyau ka ajiye mini. Ni na fi yin nisan tafiya." Anaruwa ya ce to. Lantana, wadda ta ji duka biyun, ta ajiye muciya ta ce, "Malam, ɗaki ɗaya ne fa." Ya ce ya sani, shi ya sa zai je kasuwa a yanko masa makulli na biyu.

Ranar Asabar da hantsi motoci suka iso. Mata da yara suka watsu cikin ɗakuna, aka zaunar da Inna a baranda. Yaya Hashimu ya buɗe ɗakinsa da makullinsa, ya tarar da Yaya Ukasha zaune a bakin gado yana cire takalmi. Akwai wani ɗaki a gefe da ba kowa a ciki, amma duk wanda ya ɗauki jakarsa ya koma can ya amsa cewa an fi shi ke nan. Hashimu ya ajiye jaka ya zauna a ɗaya bakin gadon, ya ba ƙaninsa baya. Aka kira Anaruwa.

Hashimu ya ce, "Auta, gaya wa mutumin nan ya rufe taga, akwai sanyi."

Anaruwa ya zagaya gadon. "Yaya, Yaya ya ce in gaya wa mutumin nan ya rufe taga, akwai sanyi."

"Gaya masa wanda ke jin sanyi ya san inda wani ɗakin yake."

Ya sake zagayawa ya isar, kalma bayan kalma, har da tsakin da ya zo a ƙarshe. Haka aka yi ta yi har azahar. Ya isar da maganar taga, da ta wanda zai rataya riga a ƙusa ɗaya da ke bango, da wata magana a kan zarto da bishiya wadda ya nemi a maimaita masa sau uku don kada ya ɓata ta. A karo na uku Hashimu ya daka masa tsawa: "Fita ka ba mu wuri! Kada ka sake shigowa sai an kira ka da sunanka!" Anaruwa ya fita ya tsaya a bayan ƙofa. Can suka bukace shi. Suka yi ta kiran "Auta! Auta!" Bai motsa ba, domin wannan ba shi ne sunan da aka raɗa masa ba, su kuma sun daɗe ba su yi amfani da wancan ba.

Suka gaji da kira. Sai aka ji Hashimu ya ce, kamar da bango yake, "Wai wa ya ba sakaran nan wannan aiki?"

"Kai ne mana."

"Ni? Kai ka fara kawo sunansa!"

"Na ce ya raka wani. Ban ce ya je shi kaɗai ba, Yaya."

"Ka san kwana tara ya yi yana jiran ruwa?"

"Kwana tara? Ni har 'yan sintiri ya gwada mini."

Wani abu ya fito daga hancin Hashimu wanda daga baya ya rantse tari ne. Inna, da kunnenta bai taɓa samun matsala ba, ta aika aka ce wa Lantana ta zuba tuwon ɗakin can a kwano ɗaya, kuma a bar ƙofa a buɗe. Ta sa aka matso da kujerarta dab da bakin ƙofar. Fuskokinsu ba su fito mata sosai ba, amma ta ga inuwa biyu, da kwano a tsakani, da hannaye suna sauka suna tashi. Ta zauna a nan har suka siɗe.

Mako biyu suka yi a ɗakin, ba wanda ya koma na gefe. Ranar tafiya suka tara iyali a baranda, Hashimu ya yi jawabi, Ukasha yana gyaɗa kai a gefensa, suka sanar cewa baɗi ma za a zo hutu, kuma Anaruwa ba zai sake zaɓen gida ba. A kan wannan bakinsu ɗaya ne.